Tagullar Abzin da Darasinta ga Fatake: Jawabin Ranar Bikin Ƙungiya

 

Tunda kayanmu da yawa yanzu wuraren haƙar ma'adinai suke nufa, bari mu waiwayi duwatsun Abzin. A yammacinsu, wajen Azelik, masana suka ce nan ne tsohon birnin Takadda. Ibn Battuta ya sauka can a 1353, ya tarar ana narka tagulla ana zuba ta sanda-sanda. Masu kauri 400 ake ba da su a miskalin zinariya ɗaya, sirara 600 zuwa 700. Da sirara ake sayen nama da itace, da masu kauri ake sayen gero da man shanu. Fatake na kai ta Gobir da Barno. Yau Takadda kufai ce. Ciniki kuwa bai mutu ba, Agadas ya koma.

Azurfar da maƙeran Agadas suka yi suna da ita ma, akasarinta a kan raƙumi ta zo. Tsabar Maria Theresa mai ɗauke da shekarar 1780 ake narkawa a ƙera zobe da abin wuya. Wato ɗan kasuwa ne ramin azurfarsu.

A zamaninmu mun ga irin haka. A 2014 zinariya ta bayyana a Jado, muka yi ta loda shinkafa, man fetur da ruwa. A 2017 gwamnatin Nijar ta rufe wurin. Wanda ya sayar hannu da hannu ya dawo da riba. Wanda ya ba da bashi sai an dace, har yau yana jiran a dace.

Don haka idan muka ji kamfani na binciken tagulla ko azurfa a wani dutse, mu tuna bincike ba haƙa ba ne. Ana iya shekaru ana huda dutse a tashi ba a samu abin da zai biya ba. Kada mu yi cinikin biri a sama. Mu kai kaya, mu karɓi kuɗi, mu rubuta bashi gaban shaidu, kuma kada motar ɗan ƙungiya ta ɗauki ma'adini ba takardar izini.

Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a jarinmu. Wassalamu alaikum.