Zaɓen Manhajar Rigakafi Ga Kwamfutocin Kamfani



An ɗora mana nauyin yin magana a kan yadda kamfani zai zaɓi manhajar da za ta kare kwamfutocinsa daga cutar nan da ake kira bayiros da sauran miyagun manhajoji. Wataƙila wani ya ce ai wannan zancen 'yan sashen kimiyyar kwamfuta ne. To, ba haka ba ne. Da yawa daga cikinmu, ko ba jima ko ba daɗe, za mu sami kanmu a ofishin akanta, ko asibiti, ko kamfanin iyayenmu, kuma mu za a miƙo wa takardar ɗan kwangila a ce mu sa hannu. Abin da ke cikin kwamfutocin nan kuwa shi ne littafin bashi da albashin ma'aikata da asirin abokan ciniki.

A shekarar 1986 waɗansu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta bayiros mai suna Brain, wanda yake bin faifai daga wannan kwamfuta zuwa waccan. A wancan zamani aikin rigakafi mai sauƙi ne. Kowace cuta tana da alamarta, sai a tattara alamun a cikin kundi, manhaja ta riƙa duba kowane fayil tana gwadawa, kamar mai gadi da aka ba hotunan ɓarayin unguwa. Matsalar ita ce ɓarawon da babu hotonsa sai ya yi sallama ya shige. A yau kuwa masu wannan ɓarna 'yan kasuwa ne, suna sauya kamannin cutarsu kullum, kuma mafi muninta ita ce wadda take kulle bayanan kamfani ta ce sai an biya fansa. Saboda haka tambayar farko da za mu yi wa mai talla ita ce: manhajar nan da kundin alamu kaɗai take aiki, ko tana lura da ɗabi'a? Wato in ta ga wani abu ya tashi yana kulle ɗaruruwan fayiloli cikin minti ɗaya, za ta riƙe hannunsa ko da ba ta taɓa ganinsa ba? Za ta iya yanke wannan kwamfuta daga sauran kafin cutar ta bazu?

A nan ne bambancin gida da kamfani yake. Mai kwamfuta ɗaya shi yake ganin gargaɗi da idonsa. Amma inda akwai kwamfutoci arba'in a haɗe, wasu a Kano wasu a reshen Kaduna, dole ne a sami allo guda wanda mai kula zai duba ya san wacce ba ta sabunta ba, wacce kuma wani ma'aikaci ya kashe mata rigakafi don ya ga tana nauyi. Manhajar da ba ta da wannan allo, komai kyanta, ba ta kamfani ba ce.

Kada kuma mu dogara da bakin mai talla, gama ba a taɓa jin mai tallan fura ya ce furarsa ta kwana ba. Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da suke gwada waɗannan manhajoji su buga sakamako kyauta, kamar AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus, da AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya. In mun buɗe rahotonsu, yawancinmu kan tsaya ne a kan yawan cutar da aka kama. Alhali kuwa manyan manhajojin sukan yi kusa da juna a wannan fanni. Inda suke rabuwa shi ne nauyin da suke ɗora wa kwamfuta, da kuma yawan kama marar laifi.

Bari mu ɗan tsaya a kan wannan, domin maganin ma yakan zama cuta. A watan Afrilu na 2010 wata sabuntawa ta McAfee ta ɗauki wani muhimmin fayil na Windows XP a matsayin bayiros, kwamfutocin ma'aikatu masu yawa suka kasa aiki. A ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin CrowdStrike ya tura sabuntawa mai kuskure, kuma bisa ƙiyasin Microsoft kwamfutoci kusan miliyan 8.5 suka durƙushe. Aka soke tashin jiragen sama, asibitoci da bankuna suka shiga ruɗani. Babu ɓarawon da ya taɓa su. Dalili kuwa shi ne manhajar rigakafi tana zaune ne a can cikin ƙuryar kwamfuta, inda in ta yi tuntuɓe komai ya faɗi tare da ita. Don haka ya wajaba mu tambaya ko za a ba mu ikon fara gwada sabuntawa a kan kwamfutoci biyu ko uku kafin a sake ta ga sauran.

Tun da yake manhajar nan tana ganin duk abin da ke cikin kwamfuta, zaɓenta zaɓen amini ne. A shekarar 2024 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sa Avast ya biya dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da mutane suke ziyarta. A wannan shekara dai gwamnatin Amurka ta hana sayar da Kaspersky na ƙasar Rasha a cikin ƙasarta, bisa dalilin tsaro, ko da yake kamfanin ya musanta zargin. Wannan hani bai shafi Nijeriya ba, amma duk mai hulɗa da kamfanonin Amurka ya kamata ya san da shi. Mu kuma a nan gida, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta sanar da hukuma cikin awa 72 in an sami ɓarakar da za ta iya cutar da mutanen da bayanan suka shafa. Manhajar da ba ta ajiye tarihin abin da ya faru ba za ta taimake mu rubuta wannan rahoto ba.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Lasisi na shekara-shekara ne, a kan kowace kwamfuta, kuma asalin farashinsa da dala ne, saboda haka a lissafa kuɗin shekara uku, ba na ranar saye ba. Microsoft Defender da yake zuwa cikin Windows ba abin rainawa ba ne, sai dai cikakken allon kulawarsa na kamfani biya ake yi. Amma rigakafin sata da ake ɗura wa mutane a kasuwa, wannan kam ba wa kura ajiyar nama ne, domin sau da yawa cutar tana cikinsa.

Akwai kuma abin da babu manhajar da za ta yi mana. Cutar WannaCry da ta ɓarke ranar 12 ga Mayu, 2017, ta shiga ƙasashe kimanin 150, ta kuma tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ta bi ne ta wata kafa wadda Microsoft ya riga ya fitar da facinta tun watan Maris. Waɗanda suka ji jiki su ne waɗanda ba su sa facin ba. Mu tuna cewa Microsoft ya daina kula da Windows 10 kyauta tun 14 ga Oktoba, 2025, ga shi kuwa ofisoshinmu cike suke da ita. Kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka, wanda ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4 a 2021, da tsohuwar kalmar sirri aka shige shi. Kwafin ajiya kuma, in yana jone da sauran kwamfutoci, tare za a kulle su. A cire shi a sa a durowa.

Kafin a sa hannu a nemi gwajin wata guda a kan tsofaffin kwamfutocin ofis, ba sabuwar ta manaja ba. A sauko da fayil ɗin gwaji na EICAR, wanda ba shi da illa amma yawancin manhajojin rigakafi an shirya su kama shi, sa'an nan a koma allon mai kula a ga ko labarin ya iso, kuma cikin minti nawa.

Shugaban taro, a nan za mu dakata don a ba masu tambaya dama. Wassalamu alaikum.