AMSAR WASIƘUNKU: Don Me Ake Ƙayyade Gudun Jirgin Ruwa?

 Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga Fagam, cikin ƙasar Gwaram ta Jihar Jigawa. Mai sauraron namu ɗan kasuwa ne, yakan je saro busasshen kifi a wajen Yawuri. Ya ce ya ji wai a Turai har doka ake kafa wa gudun jirgin ruwa mai inji a tafkunan gandun daji. Shi ne yake tambaya: ruwa ba kwana, ba rami, to mene ne abin tsoro a gudu?

To, Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma abin da ka ji gaskiya ne. A Ingila akwai tafkin Windamiya, wanda ya fi kowane tafki girma a ƙasar, yana cikin gandun shaƙatawa na ƙasa. Tun watan Maris na 2005 ba a yarda jirgi mai inji ya wuce mil 10 a awa guda a cikinsa ba, wato bai kai kilomita 20 ba. Masu wasan tsere sun yi ta ƙorafi, amma dokar ta zauna.

Amma ba sai mun je Turai ba. Hanyar da kake bi ɗin nan tana kan tafkin Kainji, wanda ya samu bayan an datse Kogin Kwara a 1968, kuma gandun daji na ƙasa da aka kafa a 1979 ya haɗa da wani yanki na ruwan. Lokacin da tafkin ya cika, ya shanye garuruwa da gonaki da itatuwa. Har yau kututturan suna nan a ƙarƙashi, ido ba ya ganinsu. Ka ga ke nan ruwa ma yana da nasa ramin.

Abu na biyu, jirgin ruwa ba shi da birki. Ko direba ya kashe inji, jirgi zai ci gaba da sulalewa. Kuma masana sun tabbatar in ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin karo ninkuwa yake yi sau huɗu. Kututturen da jirgi zai goga ya wuce in ana tafiya a hankali, shi ne zai tsaga katako in ana sheƙa gudu.

Na uku, igiyar ruwan da babban jirgi ke tayarwa tana iya kifar da kwale-kwalen masunci, ta zaizaye gaɓa, ta watsa wurin da kifi ke zuba ƙwai. Farfelar inji kuma tana yanka taru, tana saran dabbobin ruwa irin su ayu. Don haka ne a Jihar Filorida ta Amurka aka keɓe wuraren da dole jirgi ya rage gudu saboda ayu.

In gudu ya haɗu da lodi, to, abin ya ɓaci. A watan Mayun 2021 wani jirgi da aka cika maƙil ya nutse kusa da Warra a Jihar Kebbi, aka yi asarar rayuka masu yawa. A ƙarshen Nuwamban 2021 kuma aka yi irin haka a Bagwai ta Jihar Kano, akasarin mamatan ɗaliban Islamiyya ne. Allah ya jiƙansu. Jirgin da lodi ya danne, bakinsa dab yake da ruwa, ƙaramar igiya ta ishe shi.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare da lodi fiye da kima, ta kuma wajabta sa rigar ruwa. Amma ma'aikaci ba ya cikin kowane jirgi, kai ne kake ciki. In ka ga direba yana zuba gudu, ka yi magana, kada kunya ta hana ka. In jirgi ya cika, jira na gaba, kasuwa ba ta gudu. Ku ma masu fito a kogunan wajen Gwaram da Birnin Kudu lokacin damina, wannan magana ta shafe ku. Hausawa dai sun ce sauri kan haifi nawa.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.