Hannun Yaro Shi Ne Malaminsa na Farko: Jawabi a Taron Shekara-Shekara na Ƙungiya



Da yawanmu a nan ba a taɓa saya mana abin wasa ba, amma ba mu taɓa rasa shi ba. Da kaka ta yi, sai mu feƙe ɓawon kara, mu soke shi a totuwa, mu haɗa mota har da ƙofa. Gwangwanin madara ya zama tankar mai, tsohon silifa ya zama taya. 'Yan mata kuwa su tsinci ƙyallaye a shagon tela su ɗinka wa 'yar tsana zane. Ba mu san karatu muke yi ba, alhali awo da lissafi da haƙuri muke koyo, domin motar da tayoyinta ba su daidaita ba, ba ta tafiya.

Mu da muka shiga kwalejin horon malamai a zamanin shirin ilimin firamare ga kowa, wanda aka ƙaddamar a 1976, an koya mana cewa darasin aikin hannu ba na cike gurbi ba ne. Amma dole mu amsa laifinmu. A hannunmu darasin ya lalace, ranar da muka fara karɓar tsintsiyar kasuwa, daga baya har da kuɗi, a madadin abin da yaro ya yi da kansa. Mun ba da maki, mun kashe basira.

Ku dubi bayan takardar naira 20. Matar da ke jiki ita ce Ladi Kwali, wadda ta koyi ginin tukwane tun tana ƙarama a wurin 'yar'uwar iyayenta, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Haka El Anatsui, mutumin Gana da ya daɗe yana koyarwa a Nsukka: da murafen kwalabe da wayar tagulla yake haɗa ayyukan da ake baje kolinsu a manyan biranen duniya.

Yau 'ya'yanmu na birni suna da wayar salula a hannu, amma kaɗan ne cikinsu za su iya ɗaura wa mota taya. Don haka muna roƙon abu uku. Na farko, kowane gida ya ajiye kwali guda na tara murafe, kwalaye, ƙyallaye da robobi, a wanke su. A kawar da reza, batir da kwalbar maganin ƙwari. Kunun sitaci ya isa gam. Gawayi, zoɓo da lalle sun isa launi. Na biyu, idan yaro ya baza tarkace a tsakar gida, kada a ce ɓarna yake yi. A tambaye shi me ya ƙera, kuma kada a karɓe a gyara masa. Na uku, muna ba shugabannin ƙungiya shawara su ware tebur a taron baɗi, inda yaran gida da na birni za su baje abin da suka yi, a ba su kyauta.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan muka bar su haka, za mu tashi masu saye kawai, babu masu ƙerawa.

Allah ya raya mana zuriya, ya mai da kowa gidansa lafiya.