Babur Mai Caji: Jawabi Ga Mutanen Makoda

 

Ranar 29 ga watan Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce an cire tallafin man fetur. Kafin ranar, lita ba ta kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ta wuce 500. A ƙarshen 2024 sai da ta haura naira 1,000. Mai kai gero kasuwar Dambatta ran Lahadi ya ji a jikinsa. Haka mai kai iyalinsa awo asibiti.

Shi ya sa ake yawan tambayata labarin babur mai caji. Abin gaskiya ne. Ba shi da tanki, ba fulogi, ba a yi masa juyen baƙin mai. Batir gare shi, ana caja shi kamar waya. Har manyan motoci ma akwai. A Maiduguri, wani matashi, Mustapha Gajibo, ya yi suna wajen mayar da bas mai shan fetur ta koma ta lantarki. A watan Disamba na 2023 kuma gwamnatin Borno ta fito da motocin haya masu caji.

To, amma ku saurara da kyau. Ran wannan babur yana cikin batirinsa, kuma shi ne mafi tsada a jikinsa. Batir iri biyu ne. Akwai mai dalma, dangin na mota. Yana da araha, amma ga nauyi, ga saurin mutuwa. Akwai na litiyam, marar nauyi, mai daɗewa, sai dai kuɗinsa da zafi. Wani maƙwabcina ya sayar da raguna biyu ya sayo na hannu, yana murna ya yi tsintuwa. Ashe batirin ya gaji. Yanzu babur ɗin yana jingine a zaure, kaji na kwana a kansa.

Mai sayarwa zai faɗa muku nisan da yake ci in an cika shi. A kan kwalta ya auna, da mutum ɗaya. Mu kuwa hanyarmu rairayi ce, ga buhu a baya, ga yaro a gaba. Kaya da yashi suna shanye caji. Zafin rana ma yana rage wa batir kwana, don haka a inuwa ake ajiye shi.

Sai maganar wurin caji. Ƙauyen da ba wuta fa? In da janareta za ka caja, ai fetur ɗin da ka guda ka koma wa. Farantin sola na cajin waya kuma ya yi kaɗan. A ganina, gara mutum biyar ko goma su haɗa kuɗi, kamar adashi, su kafa manyan faranti wuri guda. Wanda tafiyarsa ba ta wuce gona da masallacin Juma'a ba, kada ya raina kekensa.

Wanda ya yi niyyar saye, ya tambayi irin batirin da kuɗin sabo. Ya tambayi inda makanikinsa yake, a Dambatta ne ko sai Kano. Garantin da aka yi masa alkawari, a rubuta a jikin rasit, ya karanta da kansa kafin ya ƙirga kuɗi. In rubutun ya yi ƙanana, ya kawo aji mu karanta tare.

Wassalam.