Jaririn da Ke Shaƙewa da Nonon Farko



Bahaushe yakan ce maƙogwaro ko maƙoshi kamar abu ɗaya ne, alhali kuwa hanyoyi biyu ne a jere. Ta gaba ita ke kai iska huhu, ta baya kuwa ita ke kai abinci ciki. Daga bututu guda suke rabuwa tun tayi bai cika wata biyu ba. In rabuwar ba ta kammala ba, sai a haifi jariri da hanyar abinci a toshe daga sama, guntunta na ƙasa kuma a haɗe da hanyar iska. Thomas Gibson na Ingila ya bayyana wannan naƙasa a 1697, amma sai a 1941 Cameron Haight ya fara cin nasarar ɗinke ta a Michigan ta Amurka.

A ƙauyukan Kadawa, wajen Kura da Bunkure, haihuwa a gida ba baƙon abu ba ce, saboda haka ungozoma ce mai fara ganin alamu. Kumfar yawu takan yi ta fitowa daga bakin jariri, in an share ta dawo. Da ya kama nono sai ya shaƙe, ya yi tari, leɓɓansa su yi duhu. Nan ne akan ce beli ne, a kira wanzami, ko a ɗura masa ruwan dabino ko rubutu. Abin da aka ɗura kuwa ba shi da hanyar wucewa, sai ya kwararo cikin huhu ya haddasa ciwon huhu tun ba a yi suna ba.

Abin yi shi ne a dakatar da ba shi kome ta baki, a ɗaga kansa, a lulluɓe shi, a garzaya asibiti a ranar. Can akan zura siririn bututu ta hanci. In ya tokare, an gane cutar, sai a miƙa shi inda ake tiyatar jarirai, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Bayan tiyata ma da sauran aiki. Guringuntsin hanyar iska yakan kasance da laushi, watau yaro ya riƙa tari mai kaushi, mura kuma ta riƙa sauka ƙirjinsa. Lalle a nisanta shi daga ƙurar casar shinkafa da hayaƙin murhu, a kuma riƙa mai da shi ga likita.

Ma'aikacin da ya koya wa ungozoma ɗaya waɗannan alamu ya yi wa ƙauye guda gata. Allah ya raya mana zuriya.