Abin da Ke Cikin Wayar Yaranmu a Makaranta



Yaranmu na Karaye da Rogo, in sun gama sakandare, da dama sukan tafi Kano ko Zariya ƙaro ilimi. Mukan sayar da masara mu saya masu waya domin mu riƙa jin lafiyarsu. To, a cikin wayar nan akwai zauren WhatsApp na ajinsu, kuma a nan ake cin mutuncin wasu. A ɗauki hoton yarinya ba da saninta ba a yaɗa, a yi wa yaro ba'a don shi ɗan ƙauye ne, ko a ƙaga masa ƙarya. A dā, faɗan makaranta yakan ƙare a bakin ƙofa. Yanzu yana bin yaro har kan gadonsa.

Kada mu ce ai magana ce kawai. Ran 12 ga Mayu, 2022, aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, kuma daga saƙon murya a zauren ajinsu rigimar ta faro. Ban ambaci wannan don in tada tsohon miki ba, sai domin mu ga inda wuta kan kai idan ba mai kashe ta tun tana ƙarama.

'Yan'uwa, halin makaranta shi ne tushen maganar. Inda malamai ke tsawatarwa ba son kai, ɗalibai kuma suka san za a saurari kukansu, mai cin zali yakan ji kunya. Inda kowa ya yi shiru kuwa, sai ya ɗauka an ba shi izini.

Saboda haka, kafin mu biya kuɗin makaranta, mu tambaya: wa ɗalibi zai kai wa ƙara? In yaro ya zo hutu ya yi jugum, mu zauna da shi, kada mu ƙwace wayar. Ya adana saƙonnin su zama shaida, domin dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ta haramta yi wa mutum barazana ta waya. Mu kuma koya wa namu kada su zagi kowa ko addinin kowa, kada su tura abin kunyar wani, gama mai turawa abokin mai laifi ne.

Allah ya kiyaye mana su.