Iska a Ɗakin Gwaje-gwaje da Darasinta Ga Mai Haɗa Sabulu a Gida

 Yau za mu leƙa ɗakin gwaje-gwaje, wato inda ake kai jini da fitsari a asibiti a auna, ko inda 'ya'yanmu masu karatun kimiyya suke haɗa sinadarai. Wata za ta ce, ni da nake cikin gida, ina ruwana da wannan ɗaki? To, uwargida, in kina haɗa sabulun ruwa ko na wanki don sayarwa, ai aikinku ɗaya da su, kayan kariya ne kawai suka fi ki.

Abu na farko da ake kula da shi a can shi ne iska. Akwai wani akwati babba kamar kabad, gabansa gilashi ne da ake ɗagawa a sauke. Ma'aikaci yana tsaye a waje, hannuwansa kaɗai ke ciki, fuskarsa na bayan gilashin. A sama akwai inji mai zuƙe iskar cikin akwatin, ya bi da ita ta bututu ya watsar a saman rufin ginin. Duk sinadarin da ke tashi da tururi, a nan ake buɗe shi. Misali fomalin, ruwan da ake ajiye tsokar da aka yanko don bincike. Yana sa hawaye da tari, kuma a 2004 hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Faransa ta sa sinadarin da ke cikinsa a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji.

Ki lura da kyau, wannan inji fitar da iska yake yi waje. Fankar ɗakinki kuwa juya ta kawai take yi. In kin rufe ƙofa da taga kin kunna fanka, gubar na nan tana zagayawa, ke da goyonki kuna shaƙa. Kada kuma ki dogara da hancinki, don bayan ɗan lokaci yakan saba da wari, ki ɗauka abin ya wuce alhali yana nan. Ɗaure hanci da gyale ma ƙura yake ragewa, ba ya tare tururin sinadari.

Mu da muke da tsakar gida mun yi dace. A can za ki yi haɗinki, ba a ɗaki ko kicin ba, ki tsaya yadda iska za ta bugo ta bayanki, yara kuma a kai su wani wuri har ki gama.

Sai maganar kostik soda. Ƙa'idar masu gwaje-gwaje ita ce, sinadari mai ƙuna ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a kwara masa ruwa a kai. Soda in ta haɗu da ruwa zafi take yi sosai, tana iya tafasa ta fantsamo miki a fuska. Ki yi amfani da bokitin roba mai kauri, ban da tukunyar alminiyam, don soda na cin ta. Ki sa tabarau da safar hannu mai kauri, domin ba kowace safa ce ke karewa ba. A 1996 wata farfesa a Amurka, Karen Wetterhahn, ɗigo ɗaya ko biyu na wani sinadarin zaiba ya zuba a kan siririyar safar hannunta, ya ratsa ya shiga jikinta. Ta rasu a 1997, kuma ƙwararriya ce a fannin guba.

Wani abu da nake so mu daina shi ne gauraya kayan wanki wai don su ƙara ƙarfi. Ruwan bilic, irin su Hypo, in ya haɗu da maganin wanke masai mai asid, iskar kulorin ke tashi, mai ƙona huhu. A ƙaramin banɗaki marar taga, wannan ba abin wasa ba ne. In ya faru, ki fita nan take, ki bar ƙofa a buɗe.

A ɗakin gwaje-gwaje ba a ci, ba a sha, kuma kowace kwalba da sunanta a jiki. Mu kuwa sai a jiƙa soda a gorar ruwan sha a ajiye a bayan ƙofa. Ruwan soda garai-garai yake kamar na randa, yaro mai ƙishirwa ba zai bambance ba. Kurɓi ɗaya na iya ƙona masa maƙogwaro, daga baya hanyar abinci ta tsuke har haɗiya ta gagara. In ƙaddara ta faɗa, kada a sa shi amai, don abin zai sake ƙona shi a hanyar fitowa, kada kuma a ɗura masa manja. A garzaya asibiti tare da gorar. In a ido ne ya fantsama, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti. Yana da kyau ki sanar da maigida wannan tun yau, don a irin wannan hali ba a jiran sai ya dawo daga kasuwa.